Turakun Maruƙan Arɗo Buba

Gaisuwa gare ka mai gabatarwa, da duk masu saurare. Ban yi boko ba, faɗa nike ana rubutawa.

Ran kasuwar Jega ɗana ya ja ni gidan bidiyo, munka kalli fim ɗin yaƙin dauri. Duk wanda anka sa ma malfa da sanda irin na Fulani, kisa yake yi. Na ce ma 'yan kallo ba haka kakana ya ba ni labari ba. Ranar da anka ƙone garinsu, kakan Arɗo Buba, arɗon Fulanin yankinmu, shi ne ya ɗaura mashi zane, ya ɓoye shi cikin matan ruga. Ɗana ya ce, "Baba, kai ka fi masu fim sani?" Na ce na fi su.

Tun sannan samarinmu ke kiran Arɗo da sunan mugun da ke cikin fim ɗin. Bana, bayan girbi, bai kawo shanu zaman taki gonata ba kamar yadda iyayenmu sunka saba. An ce ya yi Kuberi.

Ku ba ni shawara, yaya zan maido shi?

Arɗo, in kana ji, turakun maruƙanka na nan, na hana a cire.

Garba Mai Albasa, Jiga Birni.