Kaka Na Son Hutu

A tashar bas ta bakin kasuwar Puebla, a ƙasar Meziko, wata mata ta zauna kusa da wata tsohuwa da ke rungume da jakar makaranta ta yara.

"Wannan uwar guga da kayanki suka sha haka, 'yata, neman aiki za ki?"

"Na ma samu, Mama, a kantin magani. Shekara sha ɗaya ina gida, yau zan fara."

"Madalla. Yaran fa?"

"Ai nan rigimar take. Ulises ɗan ajin safe ne, Itzel kuma sai ƙarfe biyu take shiga. Wannan na dawowa, waccan na fita."

"Ubansu fa?"

"Ya goya min baya sosai. Ya ce in yi aikina, in dai zai tarar da abincinsa da zafi."

"Allah ya bar mana irinsu. To wa zai riƙe su?"

"Mahaifiyata. Shekara talatin tana sayar da tamale, alalar masaran nan, a babbar tukunya a ƙofar coci, amma ta daina. Da bakinta ta ce dama hutu take so."

"Ta ce ƙafafu sun dame ta, ko?"

"Ƙwarai. Kin san ta ne?"

"Ina fa. Ta sayar da tukunyar?"

"Ta hana kowa taɓa ta. Kullum sai ta wanke ta, ban san dalili ba."

Tsohuwar ta gyara jakar jikanta a cinyarta.

"Ni nawa keken ɗinki ne, na ajiye shi, amma kullum sai na sa masa mai. Tashi, 'yata, ga bas ɗinki, kada ki makara."