Abincin Awaki Ga Mai Shan Tupaye

Assalamu alaikum, Malama mai gabatarwa. Ni ce Rabi daga Cadakori.

Shekara uku mijina yana fasa tupaye, kafson nan na masu tebur, a cikin furarsa. Da na hana shi, ya kira ni akuya a gaban baƙi, wai don ina cin zogale da wake.

Yanzu cikinsa ya kumbura, zawo ya ƙi tsayawa. Likita a Gidan Rumji ya ce maganin ya kashe ƙwayoyin hanji masu amfani, waɗanda ke narkar da ganye su fitar da abin da ke kwantar da kumburi.

Jiya na ajiye masa kwaɗon zogale, na ce, "Ci, Malam. Mu awaki mun rage maka."

Yana ci yana hawaye, ni ko a jikina. Masu sauraro, na yi laifi?