Gawon Gonar Gwadabe

A tashar Ringim ne, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Malam Gwadabe na jiran mota ta cika, bakinsa har kunne, sai ya matsa wa wata tsohuwa a benci.

"Iya, taya ni murna! Gobe tarakta za ta shiga gonata. Yau za a sare gawon tsakiya, a share ciyawar iyaka. Gero zalla zan zuba!"

"Ikon Allah! Ɗana, wane tsuntsu ke sauka a gawon?"

"Haba Iya, ana maganar tarakta! Akwai dai shamuwa, da balbela, da cilakowa, ga fakara cikin ciyawa."

"Ashe masu gadi gare ka kyauta! Ƙanena a Taura ya share tasa fes. Tsuntsayen suka ƙaura, fara ta sauka babu mai tsince ta. Da geron ya nuna, tsuntsayen jan-baki masu cin hatsi kaɗai suka zo, garke guda. Yanzu a gidana yake cin tuwo."

Gwadabe ya miƙe zumbur. "Wayyo, tun hantsi na tura masu gatari!"

"To, zaman me kake? Motar nan sai la'asar!"

"Ɗan acaba!" ya ƙwala kira, hularsa a hannu. "Zo, zo, ka ƙure gudu!"