Allurar da Na Ɓoye a Buhun Gero

Ƴan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Ni ne Ayuba, mijin Rahila. Laifina na tashi in faɗa.

Sau huɗu Rahila tana ɓari, kullum cikin wata na huɗu. Ni kuwa ita nake ɗora wa laifi. Na ce daka ne, na hana ta taɓa turmi. Na ce ƙarancin bangaskiya ne, na sa ta azumi. Allah ya gafarta mini!

Bayan na huɗun, wata likita a lopital, wato asibiti, ta yi mata analiz, gwajin jini ke nan, har sau biyu. Ta ce garkuwar jikinta, wadda ya kamata ta yaƙi cuta, ita ce ke daskarar da jini a mabiyiya, abinci ya kasa kai wa ɗan. Da ciki na biyar ya shiga, aka sa mata ƙaramar aspirin da allura kullum a fatar ciki.

Sai Innata ta zo daga Tirmini, ta ga tabon allura baƙi-baƙi a cikin Rahila.

"Ayuba, kana kallo ana soke mini jika? Wa ya taɓa huda cikin mai juna biyu?"

Tsoro ya kama ni. Ban tambayi kowa ba, na tura kwalin alluran cikin buhun gero.

"Maigida, ina kwalina?" in ji Rahila.

"Ban gani ba," na ce. Kwana huɗu ina wannan ƙarya, ina kuma jan addu'ar safe!

A rana ta biyar ta fito daga banɗaki tana dafa bango. "Na ga jini."

A lopital likita ta ce, "Madam, kina allurarki?" Rahila ta juyo, ni ta kalla. Ashe ta sani.

Na durƙusa nan a gabansu. Na ce, "Ya Yesu, ni ne na ɓoye. Kada ɗan nan ya tafi saboda ni."

Likita ta ɗauko allura ɗaya ta sa mini a tafin hannu. "Dubi tsawonta, Malam. A kitsen fata take tsayawa."

Aka ɗora wa Rahila na'urar duba ciki. Shiru. Shiru. Sai muka ji bugun zuciya! Haleluya!

Da jinin ya tsaya, likita ta ce a koma allura. Rahila ta miƙo mini ita. "Daga yau kai za ka riƙa yi mini." Na koya, na yi har ta sauka.

Ga ɗiyarmu Alheri can a bayan uwarta, watanta uku. Na gode wa Ubangiji da bai biya ni da aikina ba. Ku dogara gare shi, ƴan'uwa. Maza kuma, abin da ba ku gane ba, ku koma ku tambayi likita kafin ku taɓa maganin matanku. Amin.