Titi Biyu Tsakaninmu da Teku

Shugaban wannan zama, shugabar ƙungiyar iyaye, masu masaukin baƙi da manajojinsu, likitoci da ma'aikatan jinya, iyaye 'yan'uwana da kuka baro yara a hannun wasu kuna ta duban agogo, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka ba tela dama ta tsaya gabanku. Ni ɗinki na iya, ba jawabi ba, saboda haka in na karkace a yi mini afuwa.

'Yata Auta shekararta goma sha ɗaya. Ta bututu take cin abinci, tana da injin da ke zuƙe mata majina, tana da maganin da ba ya zama sai cikin sanyi. Ba ta magana, amma in ta ji ƙarar ruwa, ko da na famfo ne, sai ta yi ta dariya har kekenta ya girgiza. Burinmu ɗaya ne, ni da babanta: mu kai ta hutu bakin teku ta ji babban ruwa. Bara mun gwada, abu uku suka maido mu gida.

Na farko, ƙofa. Na buga waya na tambayi manajan masaukin da za mu sauka ko keken guragu zai shiga. Ya ce, "Haba Hajiya, ko mota ce ta shiga!" Gaskiyarsa, in ƙofar waje yake nufi. Ta banɗaki kuwa, da na ɗora tef ɗina na awo, keken ya fi ta da yatsa uku. Babanta ne ya riƙa ɗaukarta cak, ga shi da ciwon baya. Ku auna ƙofofinku, ku rubuta mana awon, domin gani ya kori ji.

Na biyu, soket. Guda ɗaya ne, yana bayan kabad, wayar injin ba ta kai gado ba. Sai gadon muka jawo tsakiyar ɗaki.

Na uku shi ne ya karya mu. Ɗakin irin na zamani ne, wanda in ka zare katin ƙofa wuta take ɗaukewa. Ba wanda ya faɗa mana, mu ma ba mu san za mu tambaya ba. Da safe muka sa magani a firji, muka zare kati, muka tafi gabatar da Auta a asibiti mafi kusa, kamar yadda iyaye irinmu kan yi duk inda suka sauka. Muka ce teku sai gobe. Da muka dawo da yamma, firji ya huce, magani ya yi ɗumi. Na kira likitarta, ta ce kada a ba ta ko ɗigo. Garin kaf babu irinsa. Mai sharar ɗakuna ta same ni ina kuka, ta ce, "Ayya 'yar'uwa, da kun faɗa, ai akwai katin da muke bari a ciki."

Muka ɗaure kaya. Titi biyu ne tsakaninmu da ruwan, Auta ba ta ji shi ba. Har yau abin yana ci mini rai.

Ba na zargin kowa, rashin sani ya fi dare duhu. Roƙona guda ne: kowane masauki ya ware ɗaki ɗaya, kuma kafin ku rubuta cewa ya dace da yara irin namu, ku bar uwa ɗaya daga cikinmu ta shiga, ta auna, ta kunna, ta kashe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Takardar amincewa da wannan roƙo tana kan teburin shugaban zama, tana jiran sa hannunku. Don Allah kada ku ce sai zama na gaba. Watan jiya na ce wa likita mun ɗaga tafiyar zuwa baɗi. Ta ajiye biro, ta dube ni, ta ce, "Maman Auta, ku tafi bana." Ban tambaye ta dalili ba, na san shi.

Allah Ya ba yaranmu sauƙi, Ya ƙara wa iyaye ƙarfin baya da ƙarfin zuciya, Ya sa albarka a sana'arku, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.