Zannuwan Saƙin Lefe

Muna jiran adaidaita a Ƙofar Kabuga, wata budurwa ta leƙa ƙullin hannun wata dattijuwa.

"Hajiya, saƙi ne wannan? Ina kika samo?"

"Na lefena ne, 'yar nan. 'Ya'yana sun ce kayan ƙauye ne, kunya nake ba su. Dillaliya zan kai wa."

"Haba Hajiya! Shi amare ke nema yanzu ranar kamu. Turawa kan ce come full circle, wato abu ya zagaya ya dawo inda ya faro."

"Ya dawo, kika ce?"

"Wallahi. Ki sayar mini ɗaya mana."

Dattijuwar ta ƙanƙame ƙullinta.

"Na fasa, gida zan koma. Ranar bikin autata, sai ta durƙusa ta roƙa kafin in ara mata!"