Ranar da Aka Ce Jinin Iyayena Bai Kai Ba

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Rifkatu, daga wani ƙauye kusa da Lakwaya. Ba ni da yawan magana, ku yi haƙuri in muryata ta yi rawa.

Da sikila aka haife ni. Da daminar bara, gab da jarrabawarmu a kwaleji, ruwa ya dake ni a hanyar laburare. Washegari ƙasusuwana kamar ana sara su. A asibiti likita ya ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai, sai an ƙara mini. Amma ba sa fitar da ledar jini sai dangi sun ba da wata a madadinta.

Akwai wani tallafi na ɗalibai marasa lafiya 'yan asalin yankinmu. Ƙawata Asabe ta je nema mini. Mutumin ofishin ya ji sunana ya ce, "Rifkatu? Ta koma jiharsu ta nema." Jiharmu! A ƙasar nan aka binne kakannin kakannina.

Inna ta zo da matan zumunta a bayan a-kori-kura, kowace ta ce a ɗibi nata. Mai gwaji ya riƙa tsira musu allura a yatsa, yana girgiza kai. "Mama, ai ke ma ƙari kike buƙata." Haka har ta ƙarshensu.

Inna ta dawo ta ce, "Kwanta, ana shiryawa." Amma ta ƙi kallon fuskata. Yatsuna sun yi fari, numfashi yana gagarata. Tsoro ya kama ni, 'yan'uwa, tsoro sosai!

Na juya bango na ce, "Ya Yesu, kai ka ba da jininka ba a roƙe ka ba. Kada ka bar Inna ta koma gida da littattafaina kawai."

Ina cikin wannan addu'a direban da ya kawo su, Malam Sabo mutumin Masanawa, ya leƙo bayan ya yi sallar la'asar, yana cewa su zo a tafi kafin hadari ya haɗu. Ya tarar suna kuka. Da aka gaya masa dalili ya ce, "Haba, iyaye! Ku da kuke ba yara tuwo ku sha kunu, ina kuka ga jini? Ina mai allurar?"

Asabe ta ce, "Malam, ka ma san ta?"

Ya ce, "Ba 'yar Lakwaya ba ce?" Ya naɗe hannun riga.

Halleluya! Kafin magariba an ɗaura mini jini. Na samu na rubuta jarrabawar, ko da yake biro yana zamewa daga hannuna.

Ban warke daga sikila ba. Har yau in na ga hadari gabana yakan faɗi, kuma ban san inda leda ta gaba za ta fito ba. Ta bara ma ban san inda za ta fito ba, Ubangiji ne ya sani. Na gode masa. Ku dogara gare shi. Ku kuma samari masu lafiya, kada ku jira sai iyayenmu mata sun miƙa yatsa. Amin.